Abin da damina ke bar wa mai keke a kan titi

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa tun da ruwa ya ɗauke kekunan da ake kawo mana da lanƙwasasshen wili suka fi na tsakiyar damina yawa, alhali hanya ta bushe. Ajiye sifanan nan ka matso kusa.

Da damina kowa a tsorace yake. In hadari ya haɗo a watan Agusta, mai keke raɓewa yake yi a bakin shago har a ɗauke, in ma ya hau to a hankali yake lallaɓawa. Amma da Oktoba ta yi nisa sai ya ga kwalta a bushe, ya saki jiki. Ruwan ne kawai ya tafi, ɓarnarsa tana nan. Jos a kan dutse take, wajen mita 1,200 sama da teku, duk unguwar da ka shiga hawa ne da gangara. Tun daga Afrilu ruwa ke kwaso yashi da tsakuwa daga kan tudu yana jibge su a gindin gangara da kan kwana, kuma a gefen titi, daidai inda motoci ke tura mai keke. Jiƙaƙƙen yashi yakan ɗan riƙe taya. Busasshe kuwa gudu yake yi a ƙarƙashinta. Mutum ya gangaro a guje, ya karya kwana a kan yashin, ya tsorata ya damƙe birkin gaba, sai tayar gaba ta zame. Wannan faɗuwar ba mai iya tare ta, komai gwanintarsa. Saboda haka duk wanda ya zo maka da gwiwa a kuje, ka gaya masa ya riƙa rage gudu tun keken yana miƙe, kafin ya shiga kwana, in kuma ya riga ya hau yashi ya bar birkin gaba ya huta.

Miƙo mini tub ɗin can da ka ciro ɗazu. Ka ga hudar? Biyu ce, dab da juna, kamar saran maciji. Ƙaya ba ta yin haka, huda ɗaya take yi. Wannan aikin ramin titi ne. Ramukan da damina ta haƙa yanzu bakinsu ya bushe ya yi kaifi, wasu ƙura da busasshen ganye sun rufe su. Ga shi daren Jos ya fara sanyi, iskar taya tana raguwa, mutum ya tashi da safe bai matsa tayar da yatsa ba ya hau. Da ya daki bakin rami sai rim ya matse tub ɗin ya huda shi wuri biyu. In ka ga irin wannan, kada ka shafa sholisho ka manna faci ka sallami mutum. Juya wilin ka duba ko rim ya lotsa, ka bi sifok ɗaya bayan ɗaya da yatsa, don da wuya a rasa wanda ya saki.

Inda na fi so ka sa ido shi ne birki. Ɗauki robar birkin nan ka kai ta haske. Zanen da ke jikinta ya shafe, ga ƙananan tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe sun nutse a ciki suna ƙyalli. Taɓon damina ne ya cinye ta, kuma duk matsawar da aka yi, rim ɗin ma take ci. Mai keken bai lura ba, domin da damina ba ya gudu. Haka wayar birki: daga waje lafiya lau, amma ruwa ya shiga cikin bututunta ya yi tsatsa, hannun birki ya yi tauri, wata rana kuma ta tsinke a tsakiyar gangara. Tsofaffin Phoenix da Raleigh masu birkin sanda ba su da wannan matsalar ta waya, amma rim ɗinsu na ƙarfe ne, kuma jiƙaƙƙen rim na ƙarfe ba ya kama birki da wuri. Ka tuna da masu sammako zuwa kasuwar Farin Gada, buhun kabeji ko karas a kan kariya, raɓa ta jiƙa komai. Nauyi na tura su ta baya, roba na sulɓi a kan rim. Irin waɗannan bayin Allah abincin gidansu a kan keken yake, ban yarda keken ɗayansu ya bar rumfar nan ba tare da ka matsa birkinsa gaba da baya ba, ko da iska kawai ya zo sha.

Sai duhu. A watan Yuli sai wajen bakwai saura minti goma rana ke faɗuwa, a Nuwamba kuwa ƙarfe shida ta faɗi. Mai shago a Terminus bai canza lokacin tashinsa ba, amma hanyar da ya saba bi da haske yanzu da magariba yake bin ta, cikin cunkoson Bauchi Road, 'yan Keke Napep na cin birki ba sigina don ɗaukar fasinja. Hunturu na shigowa hazo zai ƙaru, ga hayaƙin ƙona daji a bayan gari. Shi kuma ya je kasuwar Katako ya sayo baƙar rigar sanyi ta gwanjo, ya ja hula ta toshe kunnuwa. Direba ba ya ganinsa, shi ba ya jin direba. Ka riƙa nuna musu fitila, fara a gaba ja a baya, ka goge musu jan gilashin nan na madgad da ƙura ta binne. Safar hannu ma ba ado ba ce. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sa yatsu su ƙage, yatsan da ya ƙage kuwa ba ya matsa birki a kan lokaci.

Masu fita wajen gari, hanyar Bukuru zuwa gaba, su kula da shanyar hatsi a gefen kwalta da manyan motocin da ke kwasar amfanin gona. Wannan sun sani, tuni kawai za ka yi musu.

Batun sarƙa kuma, na ga jiya wani ya roƙe ka ka zuba masa baƙin man inji. Daina. Da rani ƙura ce ke manne wa man, ta haɗu ta zama abin da ke goge haƙoran giya da sarƙar kanta. Wanke ta da kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, sannan ka sa tsumma ka share na waje tas.

Za ka haɗu da wanda zai ce faci kawai ya zo yi, ba shi da kuɗin robar birki. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka kunyata shi a gaban mutane. Ciro robar ka ɗora masa a tafin hannu ya gani da idonsa. In da gaske babu, sa masa sabuwa ka rubuta a littafi, ya kawo ranar da ya samu.