Batir na biyu don firjin mota

Malam, ka tambaya ko za ka jona ƙaramin firjinka kai tsaye a batirin mota. Don Allah kada ka yi. Firjin zai kwana yana jan wuta, da asuba ka murza makulli mota ta ƙi tashi.

Ka sayi batir na biyu irin na sola, wanda aka yi don a riƙa sauke shi a hankali, kamar mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), ka jona firjin a jikinsa. Tsakaninsa da batirin motar ka sa rilen da ke haɗa su idan inji na aiki, ya raba su da zarar ka kashe. Idan batirin litiyom ne, ko motar sabuwa ce mai altaneta (na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki) ta zamani, caja ta DC zuwa DC, wadda ke cajin batir na biyu daga wutar motar, za ka nema maimakon rilen.

Abin da ya fi damuna shi ne fiyus. Sa ɗaya dab da kan jar waya na kowane batir. Na taɓa ganin waya ta goge da ƙarfen bodi, robarta ta narke tana hayaƙi ƙarƙashin kujera. Wayar ta zama mai kauri, siririya tana rage wuta har firjin ya riƙa ɗaukewa.

Idan batirin na dalma ne, ba litiyom ba, kada ka bari cajinsa ya sauka ƙasa da rabi, kuma ka ɗaure shi da kyau saboda gargada.