Bawul ɗin ruwan gidanmu ya ƙi juyawa daren da bututu ya fashe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makon jiya da tsakar dare ƙaramin tiyon da ke kai ruwa tankin masai ya fashe. Na ruga wurin babban bawul da ke shigo da ruwa gidan, irin mai zagayayyen kai ɗin nan, amma ya ƙi motsi sam. Maigidana ya sa filaya da ƙarfi, ya ɗan juya, ruwan ya ragu amma bai tsaya ba, har gari ya waye muna kwasar ruwa. Yanzu kuma yana ɗiga ta ƙarƙashin kan. Shekara 6 muna gidan, ba wanda ya taɓa juya shi. Za a zuba masa mai ne, ko canza shi za a yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannunku da wahala. A cikin tambayarki akwai amsarki: shekara 6 ba a juya shi ba. Bawul ba yawan aiki ke kashe shi ba, zama ne. Ruwa yana ɗauke da gishiri da ɗan yashi, kuma duk wurin da ƙarfe ya zauna bai motsa ba, nan suke taruwa su daskare kamar farar ƙasa.

Irin naku masu aikin famfo na kiransa get bawul. A cikinsa akwai wani faifan ƙarfe kamar ƙyaure, yana hawa yana sauka a jikin sanda mai zare irin wanda ake ɗaura noti a kai. Idan an juya kan zuwa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ƙyauren ya sauko ya zauna cikin wani ɗan rami a ƙasa ya tare ruwa. To ramin nan ne ke cika da datti. Ƙyauren ya sauko, ya tarar an riga shi wurin zama, sai ya tsaya a sama kaɗan, ruwa ya ci gaba da wucewa ta ƙarƙashinsa. Abin da ya same ku ke nan a daren nan, kuma ƙara ƙarfi ba ya kwashe dattin, sai dai ya murɗe sandar.

Kafin a yanke hukuncin canzawa, a fara gwada shi. A kama kan da hannu a juya. In yana ta zagayawa ba iyaka, ba ya tsayawa ta dama ko ta hagu, to sandar ta karye ko zaren ya cinye, kuma wannan ba shi da gyara, sai sabo. In kuwa yana da nauyi amma yana tafiya, akwai sauran rai. A ƙarƙashin kan akwai wani noti da sandar ta ratsa ta cikinsa. A sassauta shi kwatan zagaye kawai da sifana, a ɗiga ɗan man warware tsatsa a jikin sandar, a ba shi minti 15. Daga nan a buɗe famfo ɗaya a cikin gida, a riƙa juya bawul ɗin dama kaɗan, hagu kaɗan, kowane zuwa ana ƙara nisa. Duk lokacin da ƙyauren ya kusa rufewa ruwan yana ƙara gudu ta ƙarƙashinsa, shi ne zai wanke ramin. Kada ki damu in kin ga ruwa ja-ja yana fita a famfon na ɗan lokaci, dattin ne ke tafiya.

Maganar mai kuwa, iyakarsa sandar da ke waje. Ba ya isa inda ƙyauren yake, kuma bai kamata ya shiga ruwan da za a sha ba.

Ɗigar da kike gani ta ƙarƙashin kai daga notin nan take. A cikinsa akwai abin toshi da ya rungumi sandar, ya bushe da daɗewa, da aka murɗa da ƙarfi sai ya saki. A ɗaure notin kaɗan, bai wuce kwatan zagaye ba, ana riƙe da jikin bawul ɗin da wata sifanar don kada bututun ya murɗe. Sau da yawa nan take ɗigar ke tsayawa. In ta ƙi, sai a tsayar da ruwa tun kafin ya iso bawul ɗin, a kwance notin, a naɗa sabon zaren Teflon, wato zaren da masu aikin famfo ke toshe ɗiga da shi, a jikin sandar. Kuma kar a raina ɗiga: ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa ya haura lita 10,000 a shekara, ban da bangon da zai jiƙa.

Amma in shawarata kike nema, ni canza shi zan yi. Bawul ɗin da ya taɓa ƙin rufewa a lokacin gaggawa, aka kuma sa masa filaya, ba zan ƙara dogara da shi a matsayin babban makullin gida ba. A sa mai dogon hannu, wanda ake kira bol bawul, na tagulla, mai faɗin rami daidai da bututun. A cikinsa ƙwallo ne mai huji a tsakiya, kwatan zagaye kaɗai yake buƙata. Hannu ya kwanta a layin bututu, a buɗe yake. Ya gitta bututun, a rufe yake. Ko yaro ya kalla zai gane, ko da hasken tocila ne. Don a canza shi dole a tsayar da ruwa tun kafin ya iso gare shi. In daga tanki ruwanku ke saukowa, a rufe na bakin tankin. In daga babban layi ne, wanda ke kafin mita yawanci na hukumar ruwa ne, a kira su su rufe, kada a taɓa shi ba izini.

Abu ɗaya game da mai dogon hannu: saurinsa ne haɗarinsa. Ruwa mai gudu in aka tsayar da shi farat ɗaya, sai ya doki bututu, ki ji ƙara kamar an buga guduma a bango. Wannan dukan yana sassauta mahaɗai, yana kuma fasa irin tiyon da ya fashe muku. A rufe a hankali, a buɗe a hankali, kuma lokacin mayar da ruwa a bar famfo ɗaya a buɗe iska ta fita. Haka kuma ba a barin ko wanne daga cikin biyun, get bawul ko bol bawul, rabi a buɗe don rage ƙarfin ruwa, domin ruwan zai riƙa cin bakinsa har ya daina rufewa sosai.

Wani abin da ya tsaya min a rai a labarinki shi ne, da ma ba sai kun je babban bawul ba. A jikin bango, inda tiyon masai ya fito, ya kamata a ce akwai ƙaramin bawul nasa shi kaɗai, haka ma ƙarƙashin wurin wanke hannu da na wanke-wanke. Da shi aka rufe, da sauran gida na da ruwa, ku kuma kun koma barci. Ki duba. In babu, ki sa a saka ranar da za a canza babban, tunda ruwan a tsaye yake.

Kula da bawul-bawul ɗin gida ba ta da yawa. Sau 2 a shekara a bi su ɗaya bayan ɗaya, a rufe har ƙarshe, a buɗe famfon da ke gaba a tabbatar ruwa ya tsaya, sannan a mayar. Wajen gwada babban, a buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan, a ɗan jira, saboda ruwan da ya rage cikin bututu zai zuba na ɗan lokaci. In ya tsaya cak, bawul lafiya lau, in ya ci gaba da zirara, yana zuba ta ciki. Mai zagayayyen kai in an buɗe shi har ƙarshe, a mayar da shi baya kwatan zagaye, don kada ya manne a sama. Kafin a tsayar da ruwan gida duka, a kashe wutar hita da injin tura ruwa: hita in ta yi aiki babu ruwa takan ƙone, injin kuma in yana turawa a kan rufaffen bawul zafi yake ɗauka. Ƙaramin bawul ɗin kariya da ke jikin hita shi kam ba a toshe shi ko da yana ɗiga, sai dai a kira mai gyara.

Ki zagaya da duk wanda ya yi hankali a gidan ki nuna masa inda babban yake, kowa ya juya shi da hannunsa sau ɗaya, a kuma kwashe kayan da suka tare wurin. Sauran tiyon da ke gidan kuma, tunda wataƙila rana ɗaya aka saka su da wanda ya fashe, ki shafa kowanne da hannu: wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko wayar jikinsa ta fara warwarewa, a canza shi tare da bawul ɗin.