Kawo Min Kwanson Kafin Ka Ɗauki Magagari

Ka ce wani maharbi ya kawo maka bindiga mai sakata, in ya harba ya ja sakatar kwanson harsashin ba ya fita, kana tambayata ko ka ɗan goge bakin ƙugiyar da ke jawo kwanson da magagari. Ajiye magagarin nan tukuna, yaro. Ku 'yan yanzu hannunku ya fi idonku sauri. Kun kalli bidiyon minti 3 a waya, shi ke nan kun zama maƙera.

"Ba ya fita" ai magana biyu ce, ba ka ma gaya min wacce ba. Ko dai kwanson ya maƙale a ɗaki, wato ramin da harsashi ke kwanciya a gindin bututun bindiga, sakata ta ƙi ɗaguwa ko ta dawo hannu wofi, ko kuwa ta jawo shi amma ya sulale cikin bindigar maimakon ya yi tsalle gefe. Na farko tsakanin ƙugiya ne da ɗaki, na biyu na ɗan tunkuɗa ne, wato abin da ke cilla kwanso waje. Kuma ina kwanson da ya harba? Ba ka karɓa ba ko? Ni ma ban karɓa ba a ranar da aka cuce ni, shi ya sa maganarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Lokacin ina da rumfa a Garwa ta ƙasar Kamaru, ana gab da buɗe farautar rani, wani mai kula da sansanin baƙi maharba a wajen dajin Faro ya zo min dab da magariba da bindiga a cikin jaka. Brno ce, ZKK 602, ƙirar Cekoslobakiya, mai cin harsashin .375, irin wadda ake tarar ɓauna da ita. Ya ce kwanso na ɗan yi mata gardama, baƙinsa na hanya, in taimaka. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura, ana ta cewa duk garin ba mai hannuna. Na karɓa ban buɗe a gabansa ba, ban kira maƙwabci ya shaida ba, na ce ya dawo jibi.

Da safe na zare sakatar, na sa babban yatsa na ɗan taɓa ƙugiyar don in ji ƙarfinta. Leɓenta ya ɓalle ya faɗo min a tafin hannu kamar ɓawon gyaɗa. Na kai wurin haske: rabin karayar baƙi ne, ya tsufa, sauran rabin ne kawai yake ƙyalli. Wato da tsagewarta ta zo. Na duba hannun sakatar, ga tabon duka nan har uku. Na leƙa ɗakin da tocila, tsatsa ta yi masa zanzana. An bar ta a jaka damina guda, kwanso ya maƙale, suka yi ta jibgar sakatar da itace har ƙugiya ta tsage, sannan aka kawo wa wawa ya ƙarasa.

Da ya dawo na nuna masa, sai mutumin nan ya dafe ƙirji ya ce shi lafiya lau ya kawo bindigarsa. Ya tara min jama'a a bakin rumfa. Wa zai shaide ni? Aka zauna gaban manya, aka yanke cewa ni zan sayo ƙugiya, kuma ni zan biya hayar wata bindigar har tasa ta tashi. Ƙugiyar sai da ta yi wata 4 kafin ta iso ta hannun wani a Duwala. Babur ɗina na sayar, sabo, ko leda ban gama cire masa ba. Bayan shekara direbansa ya zo gyaran wata 'yar .22, yana dariya yake ba ni labarin yadda suka yi ta dukanta da reshen marke, har da cewa kwalin harsashin ma a gaban mota yake wuni cikin rana. Mutumin har ya bar garin bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe kuɗin babur ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, .375 ba harsashin da ke maƙalewa haka kawai ba ne. Maƙeran bindiga Holland & Holland na Landan suka fito da shi a 1912, suka yi kwansonsa yana tsukewa daga gindi zuwa wuya, don ya zare cikin sauƙi a ƙasashe masu zafi irin namu. Da ya ce min .375 na gardama, ya kamata in san akwai abin da aka ɓoye. Da na riƙe kwanso ɗaya, da na ga komai. Tagulla ba ta ƙarya. Ɗaki mai tsatsa yakan bar mata ƙyasfi da karce a jiki. Harsashin da ya sha rana, ko wanda wani ya sake ɗurawa ya cika masa albarushi, za ka ga 'yar hular da allura ke sara ta baje ta yi fatsa-fatsa, sakata kuma ta yi nauyin ɗagawa. In ka ga haka, bindigar ba ta da laifi, ka hana shi harba sauran. In kuwa gefen gindin ne ya gutsure, to ƙugiya ta kama, ɗaki ne ya ƙi saki.

Yadda za ka tabbatar ba harsashi a ciki, da duba takardar lasin mai ita, da zare sakata, ba zan ɓata yawuna a kai ba. In ba ka san waɗannan ba ka koma sayar da rake.

Dubi fuskar sakatar ka gane gidan da ta fito. In doguwar ƙugiya ce kwance a gefe, jinin Mauser ce, bindigar Jamus ta 1898, kamar Brno ɗin can. Irin wannan ɗan tunkuɗarta ba a jikin sakata yake ba, wani ɗan ƙarfe ne a baya, kwanso ke zuwa ya buge shi. Iya ƙarfin janka, iya nisan tsallensa. Rabin masu kawo min ƙara ba abin da ya sami bindigarsu, jan sakatar suke kamar masu buɗe ƙofar surukai. Ka ce ya ja ta da zuciya har ƙarshe. Kuma harsashi daga gidansa ake ɗauko shi, ya shige ƙarƙashin ƙugiya da kansa. Masu jefa shi a ɗaki su danne sakata da ƙarfi, su ne ke kashe ƙugiya.

In kuwa ka ga wani ɗan maɓalli a fuskar sakatar, irin na Remington 700 da aka fara a 1962, danna shi da tsinke. Ya shiga ya dawo da kuzari, lafiya. Ya shiga ya kwanta, to ƙurar hunturu ce ta haɗu da ɓarɓashin tagulla da baƙin man da mutanenmu ke ɗura wa komai, suka zama kunu. Kananzir ya ishe shi. In za ka cire shi ka yi a cikin leda, don sifirinsa in ya tashi sai dai ka neme shi a rumfar mai shayi. Kada ka kuskura ka doki hannun sakatar wannan, liƙa shi aka yi, yana iya fita ya bar ka da bindiga a kulle.

Akwai madubin saiti a kan bindigar? Shafa ƙasan 'yar murɗar da ke gefen dama. In ka ga tabon tagulla, kwanson na fita, madubin ne ke maido shi ciki.

Samfefa kuwa, ranar da na ji ka zura ta a ɗakin bindigar mutane, kada ka sake zuwa ƙofata. Ƙarfen da ka cinye ba ya dawowa, ɗaki ya yi faɗi, kwanso ya ƙara kumbura. Buroshi da mai da haƙuri, in zanzanar ta yi zurfi ka gaya wa mai ita gaskiya.

Je ka ce ya kawo kwanso 3 da kwalin harsashin da yake harbawa. Ka buɗe bindigar a gabansa, ka kira tela na kusa da kai ya tsaya ya gani. Bayan la'asar ka zo min da su, kuma ka taho da tocilar da ka ara tun sallar layya.