An ce a yi wa yarona hoton MRI na ƙoda, ina jin tsoro

Assalamu alaikum likita. Dan Allah yarona ne ɗan shekara 3, kullum zazzaɓi da kuka in zai yi fitsari, mun sha maganin maleriya har mun gaji, da aka yi sikanin sai suka ce ƙodarsa ta hagu ta kumbura wai fitsari ke taruwa a ciki, yanzu an turo mu Kano a yi masa MRI. Kakarsa tace wuta ce ake haska wa yaro tana ƙona jini, babansa kuma yace ai an riga an yi hoto meye na wani kuma. Wallahi na rasa wa zan bi.
Maman Abba, daga wani ƙauye a Ringim

Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba Abba lafiya. Ki kwantar wa Iya da hankali, abin da take tsoro hasken eksire ne, irin na hoton ƙashi da siti sikan, shi kuwa MRI babu wannan hasken ko kaɗan, da maganaɗisu yake aiki, shi ya sa ma ake son sa ga yara.

Babansa kuma tambayarsa tana kan hanya. Sikanin ya nuna kumburi ne kawai, bai faɗi ko ƙodar tana aiki ba. Kinga kamar a ga ruwa ya taru a kwalbati ne, sai an duba a san toshewa ce ko faɗi kawai wajen ya yi. A yara toshewar ta fi zama daidai inda ƙoda ta haɗu da bututun da ke sauke fitsari zuwa mafitsara, kuma da yawa da ita aka haife su. A MRI za a sa masa kanula a hannu, a yi ƙarin ruwa, a ba shi wani magani mai suna Lasix don fitsari ya taho da yawa, sannan a tura wani ruwa mai suna gadoliniyam, ana kallo a kwamfuta yadda kowace ƙoda ke tace shi da yadda yake sauka. Daga nan ake gane aikin da ƙodar hagu take yi nawa ne, na ta dama nawa, da wannan likitan tiyata zai ce a yi aiki ko a jira.

Amma kar ki yarda a tura ruwan nan ba a yi gwajin jini na ƙoda ba tukunna, in ƙoda ta yi rauni sosai yana iya cutarwa.

Hoton yakan kai minti 45 zuwa awa ɗaya kuma ba a son motsi, ɗan shekara 3 kuwa ina zai kwanta, ga injin da ƙara kamar ana kira a maƙera, don haka za a sa shi barci. Za su gaya miki awa nawa zai yi bai ci komai ba, ki bi daidai, kar tausayi ya sa ki ba shi koko a mota, in ya ci ɗage hoton za a yi kin yi asarar kuɗin mota. Sai laya da guru da duk wani ƙarfe, a cire tun a gida, ke ma 'yan kunne da fil ɗin mayafi da waya, maganaɗisun nan fizge su yake yi. Ki tafi da takardar sikanin na farko a jaka.