Fatawa: Yawan kashe-kashen zamani da hukuncin tura bidiyonsu a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, nan Kumasi ta Ghana, kuma ni ke kula da zauren WhatsApp na abokan sana'armu. A cikinmu akwai direbobin da ke hawa arewa, su tsallaka Burkina ɗauko tumatir da albasa. Kusan kullum sai an turo bidiyon kisa: yau an tashi ƙauye, gobe an tare mota, jibi an yi wa ɓarawo rubdugu a kasuwa. Iyayenmu suna cewa su ba su san haka ba. Me ya sa ta'addanci ya yi yawa a zamaninmu? Ƙarshen duniya ne ya zo? Kuma ina da laifi idan na tura irin wannan bidiyo don mutane su yi hattara?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya.

Yawaitar kisa na cikin alamomin tashin ƙiyama, wannan babu jayayya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin za a ɗauke ilimi, fitinu su bayyana, kisa ya yawaita. A riwayar Muslim kuma, lokaci zai zo da mai kisa bai san don me ya kashe ba, wanda aka kashe ma bai san don me aka kashe shi ba. Sai dai hadisin bai sa rana ba, kuma malamai sun lissafa wannan cikin ƙananan alamomi, waɗanda suka fara bayyana tun sahabbai suna raye. Cikin halifofi huɗu, uku kashe su aka yi. Khawarijawa sun yanka Abdullahi ɗan Khabbab suna karatun Alƙur'ani, Sayyidina Ali ya yaƙe su a Nahrawan shekara ta 38 bayan hijira, ɗayansu kuma ya sare shi a Kufa shekara ta 40 yana fitowa sallar asuba. A shekara ta 317 wasu 'yan tawaye da ake kira Ƙaramiɗawa suka karkashe alhazai a cikin Harami, suka ɓanɓare Hajarul Aswad, ya shekara 22 a hannunsu. Ko a zamanin iyayen namu, tarzomar Maitatsine ta ci sama da mutum 4,000 a Kano cikin Disamba 1980, yaƙin Konkomba da Nanumba da Dagomba na 1994 a arewacin ƙasar nan ya ci kimanin 2,000.

To me ya sa suke cewa ba su san haka ba? Gaskiya suka faɗa, ba su gani da ido ba. Mutumin Aboabo a 1994 sai da yamma zai ji labarin a rediyo, ko a bakin direban da ya sauko daga Tamale, jimla uku ya wuce. Yau kisa ɗaya mutum 10 ne ke ɗaukarsa a waya, ya shigo zaure biyar da kake ciki, bayan shekara biyu ya dawo da sunan wani gari. Zuciya ba ta lissafi, duk wanda ta gani sabo take ɗaukarsa. Su kuma Facebook da TikTok an gina su ne su riƙa gabato maka abin da ya fi tsayar da yatsanka, ba kuwa abin da ke tsayar da yatsa kamar jini.

Ban ce duk ruɗin waya ba ne. A yankinmu abin ya ƙaru da gaske, kuma ana iya bin sawunsa. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka watse cikin Sahara, arewacin Mali ya suɓuce a 2012. A Janairu 2016 aka kashe mutum 30 a tsakiyar Wagadugu, a Maris aka kai hari bakin teku a Grand-Bassam ta Kwaddibuwa. A 2017 ƙungiyoyi da dama suka haɗe suka zama JNIM, gamayyar mayaƙa mai alaƙa da Al-Ƙa'ida, a Mayu 2022 aka kashe sojojin Togo 8 a arewacin ƙasarsu. Ƙididdigar ta'addanci ta duniya ta nuna sama da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a 2024 a Sahel suka mutu. Mu kuwa iyakarmu da Burkina ta kai wajen kilomita 600, Paga da Hamile da Kulungugu ƙofofi ne kawai, hanyoyin babur ba su ƙirguwa.

Bindiga ta yi araha, babur na shiga inda motar soja ba ta shiga, waya na haɗa mutum 50 a dare ɗaya. Amma kayan aiki ba sa tashi da kansu. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta yi hira da waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, rahotonta na 2017 ya ce kashi 71 cikin 100 abin da ya ƙarasa tura su shi ne wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, kashi 57 kuma sun amsa cewa kaɗan suka fahimta daga nassoshin addini ko ma ba su fahimci komai ba. Ka ga tsarin hadisin nan: a ɗauke ilimi, sannan kisa ya biyo. Yaron da aka zalunta, ba aikin yi, ba malamin da ya zauna gabansa ya ɗauki Ahalari balle Risala, sai ya haɗu da murya a waya tana kafirta masa iyayensa da limaminsa. Wanda ya yarda cewa kowa kafiri ne, sauran aikin ya yi masa sauƙi.

Hukuncin aikinsu ba ya buƙatar dogon bayani. Haramun ne, yana cikin mafi girman zunubai, ko me suka rubuta a tutarsu. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, aya ta 93 a Suratun Nisa'i ta yi wa mai kashe mumini da gangan alƙawarin Jahannama, Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ba Musulmi ba da ke cikin amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Sama da mutum 100 da aka kashe a Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014 sallar Juma'a suka je.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Bidiyon da ke shigowa zaurenka ba iri ɗaya ba ne.

Wanda su maharan suka ɗauka da kansu, ka gan shi da tambari a kusurwa, da waƙe, da jerin babura da ganima, tura shi haramun ne ko da ka rubuta "Allah ya tsine musu" a ƙasa. Don a yaɗa shi aka yi shi: ya karya zuciyar jama'a, ya burge yaro mai shekara 17. Kai ka tura da niyyar gargaɗi, amma bidiyon zai rabu da rubutunka a hannu na biyu, ya ci gaba da aikin da aka yi shi dominsa. Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Wanda ke nuna gawa, ko fuskar mai shure-shuren mutuwa, ko tsiraicinsa, shi ma haramun ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, alfarmarsa ba ta faɗi da mutuwa ba. Kuma a zaure irin naku ba mamaki matar direba ta fara ganin gawar mijinta a waya kafin a zo mata da ta'aziyya.

Gargaɗi na gaskiya kuwa halal ne, yana ma iya zama wajibi idan ka tabbatar akwai haɗari a hanyar da abokanka za su bi. Amma gargaɗi ba ya buƙatar jini. Ka rubuta ko ka yi murya: wane wuri, wace rana da ƙarfe nawa, wa ya gani da idonsa, me ya kamata direba ya yi. Saƙon da ya rasa waɗannan huɗu tsoro kawai yake rabawa. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda idan labarin aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Dokar ƙasa ma, sashe na 208 na dokar laifuffuka ta 1960, ta hukunta yaɗa labarin ƙarya mai firgita jama'a.

Tantancewar ba wuya. Ka saurari harshen da ake yi a bayan hoton, Mosanci ne ko Faransanci ko wani daban. Ka duba lambar mota, kakin jami'ai, rubutun shaguna, ko ciyawa kore ce alhali ana hunturu. Ka ɗauki hoton fuskar wayar ka nema da manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa sai ka tarar abin ya tsufa ko na wata ƙasa ne. Alamar kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannu da yawa, wato ba wanda ya san mafarinsa. Mafi inganci duka, ka kira wanda kuka sani a Paga ko Bawku. Tunda kai ke kula da zauren, kana da ikon goge saƙon kowa, don haka shirunka ba uzuri ba ne: ka kafa doka a rubuce, ka goge, ka ja kunne sau ɗaya a keɓe, wanda ya ƙi ka cire shi.

Ka ambaci rubdugu a kasuwa, kuma a ganina shi ya fi kusa da mu fiye da masu tuta. A Mayu 2017 jama'a suka kashe Manjo Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi bisa zaton ɗan fashi ne, a Janairu 2024 kotu ta ɗaure mutum 12 rai da rai. Kowa a irin wannan taro yana jin dutsensa ɗaya ne kawai. Shari'a ba ta lissafa haka. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kansa da ya kashe su duka. Ko ɓarawon gaske ne, tsayar da hukunci aikin hukuma ne bayan shaida. Wanda ya fara ihun "ɓarawo" ba tabbas, da wanda ya tsaya yana ɗaukar bidiyo alhali yana iya kiran 'yan sanda, kowa yana da rabonsa na zunubi.

Kai rahoto ga jami'an tsaro idan ka ga abin da ke nuna shirin ɓarna ba gulma ba ne, ba cin amanar Musulmi ba ne. Muslim ya ruwaito tsinuwa a kan wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Tun 2022 aka ware lamba 999 don haka, kana kuma iya bi ta hannun limami ko Sarkin Zango. Sharaɗi shi ne ka faɗi aikin da ka gani, ba ƙabila ko gemu ko ɗage wando ba. Bafulatanin da ya gudo da iyalinsa daga Burkina baƙo ne mai haƙƙi a zango, ƙulla masa sharri zalunci ne, kuma irin wannan zaluncin ne ke samar wa waɗancan mayaƙa.

Ga direbobinku da 'yan kasuwa: kada wani ya ara wa wanda bai sani ba layin waya da aka yi rajista da katinsa, ko asusunsa na kuɗin waya, wato MoMo, don a wuce da kuɗi a ba shi lada. Kada ya ɗauki ƙunshin da ba a yarda ya buɗe ba. Wanda ya zo sayen jarkokin fetur, ko babura da yawa, ko tarin magani, a farashin da ya wuce na kasuwa, ya ce a sauke masa a daji bayan iyaka, idan zatonka ya rinjaya cewa na masu ɗauke da makami ne, cinikin haramun ne ko da kayan halal ne. Bukhari ya kawo cewa Imrana ɗan Husaini ya ƙi a sayar da makami lokacin fitina, kuma fetur a tankin baburin mahari hukuncinsa ɗaya da harsashi. Idan an tsare mutum da bindiga aka ƙwace, wannan tilas ne, babu laifi a kansa, sai dai ya sanar da hukuma da zarar ya tsira.

Wallahu a'alam.