Kunyar Suruki da Ƙarfen Sal

Ɗana, saƙonka ya iso nan Tawa bayan la'asar, na karanta shi sau biyu. Karon farko na yi dariya har mutanen gida suka leƙo. Karo na biyu dariyar ta tsaya, domin na lura da inda ka ce likita ya auna tansiyonka ya samu 15 da 9, wato jininka ya hau. Ka ce ya umarce ka da motsa jiki, ka biya kuɗin wata a wani sal, wato gidan motsa jiki, nan Yamai, ka je sau biyu, ka ji kamar duk idanun wurin a kan tumbinka suke. Rana ta uku ka tura ƙofa sai ga surukinka, uban matarka, bisa keken nan da ba ya zuwa ko'ina, da tawul a wuya. Ka juya da baya, yau kwana goma sha biyu ba ka koma ba. Shi ne kake tambayar kawunka ko al'ada ta yarda magidanci mai ƴaƴa uku ya tsaya yana tsugunno da haki gaban yara da gaban suruki, ko kuwa zubar da girma ne.

Kunyar da muka gada tana da gurabenta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ka cin tuwo gaban surukai. Ka hango surukuwarka a hanya ka cire takalmi ka durƙusa, ko ka sake hanya. Wannan girmamawa ce, kuma na ji daɗi da har yanzu tana jikinka, don da yawa cikin tsararka sun ajiye ta. Amma kwana biyun farko da ka je babu suruki a wurin, kuma ka ce gabanka ya yi ta faɗuwa. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce kunya da tsoron baki uwa ɗaya ta haife su, amma ba a aurar da su gida ɗaya. Abin da ya kama ka a kwana biyun nan tsoron baki ne.

A zamanin ƙuruciyarmu ba wanda ya san sal. Rijiyoyin Adar masu zurfi ne, wanda ya ja wasaki ya shayar da shanu tun hantsi ba ya neman ƙarfen ɗagawa. Mata na surfe da daka, samari na gayya, daga su sai ɗan wando, gumi na zuba, maroƙi na bin su da ganga, kuma sau da yawa gonar ta uban yarinyar da ɗayansu ke nema ce. Ka ji ko? Gaban suruki ake wannan gumin, kuma wanda ya fi jiƙewa shi ake yaba wa. Ku kuwa daga gado sai moto, daga moto sai kujerar buro, da dare shinkafa da mai da lemun kwalba, sa'annan in tumbi ya fito a ce arziki ne ya zauna. A nan kam al'adar ce ta yi kuskure, mun binne mutane da yawa da wannan arzikin.

Akwai wani dare da ban manta ba. Kaka ce, an gama ɗaurin gero, farin wata fes, a wani ƙauye kan hanyar Keita. Wannan kafin a fara kokawar takobi ta ƙasa, wadda aka buɗe nan Tawa a 1975 har Kantu na Maradi ya ɗauka. An hura wutar kara, makaɗa suna gasa fatar gangunansu, mata a gefe guda, tsofaffi bisa tabarmi, yara sun cika gaba har ana korar su da tsumagiya. Kafin manyan goga su shiga akan bar ƙanana su buɗe fage. Sai wani saurayi ya fito, siriri, dogo, wanda bai taɓa shiga ba. Walkin da ya ɗaura na aro ne, ya yi masa yawa. Ya tsaya ƙafafu a haɗe, ƙirji a miƙe. Makaɗi bai gama kiran sunan ubansa ba abokin karawarsa ya sunkuya ya kwashe ƙafafun nan biyu, bayansa ya sha ƙasa. Yara suka fashe da dariya, wata mata ta yi guɗa.

Akwai wani tsohon ɗan kokawa a bakin fage, gwiwa ta riga ta hana shi shiga. Ya dogara sanda ya tashi, ya kamo yaron tun yana neman hanyar gudu, ya kakkaɓe masa rairayi a baya da tafin hannu, ya kwance walkin ya sake ɗaure masa tamau. Ya ja shi kusa da wuta, ya sa ƙafarsa ya buɗa masa ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, ya danna masa kafaɗa har gwiwoyi suka lanƙwasa, ya tura shi da hannu ɗaya, yaro bai motsa ba. Ya ce masa: "Haka ake tsayuwa. Koma." Ya koma. An sake kayar da shi, amma sai da suka daɗe suna kai da kawowa har ƙura ta tashi, kuma wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Washegari a bakin rijiya ba mai zancensa, hirar duk ta manyan goga biyu ce da suka kara a ƙarshe. Wanda aka yi zancensa wani ne dabam, ƙosasshe, wanda ya zo da layu da kambu har gwiwar hannu, ya yi ta zagaya fage, da aka kira shi ya sulale ta bayan rumbuna. Shi ƴammata suka sa a waƙar dandali har wata kakar.

To bari in zo kan aikin, don tansiyonka ya fi damuna da surukinka.

Abin da ke sa sabon shiga ya ji ido a kansa shi ne tsayuwa tsakiyar ɗaki bai san inda zai nufa ba. Maganinsa takarda. Tun daga gida ka rubuta abin da za ka yi, ɗaya bayan ɗaya, ka sa a aljihu. In ka shiga ka yi sallama, ka gaisa da mai horarwa, ka gaya masa kai tsaye cewa kai sabo ne kuma kana da hawan jini, ya nuna maka yadda ake daidaita kujerar kowane inji. Matambayi ba ya ɓata. Ka zaɓi lokaci guda ka riƙe shi. Daga ƙarfe biyar na yamma zuwa takwas samari ke cika wurin. Bayan asuba ko wajen goma na safe ya fi sarari, kuma a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, safiyar ce kawai ta dace da mai irin jininka. Iyayenmu sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Mako biyu kana zuwa lokaci ɗaya, ba mai sake ɗaga kai.

Tufafi: wando mai faɗi da ya wuce gwiwa, riga mai sakin jiki, takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Ba wanda ya wajabta maka matsattsun kayan nan, al'aurarka a rufe, ka huta da rabin damuwar. Kada ka shiga da silifa, ƙarfe na faɗowa a yatsa. Ka riƙe tawul da ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Ka fara da minti goma bisa keke ko tapi, wato injin da ake tafiya a kansa bel na gudu ƙarƙashin ƙafa, tafiyar kilomita biyar a awa. Ma'auninka magana ce: in kana iya magana amma ba ka iya waƙa, daidai ne, in magana ta gagara, ka rage. Tapi kuwa, ka hau yana tsaye sa'annan ka kunna, ka maƙala igiyar tsaro a rigarka. Ka san halin wutar Yamai, in aka ɗauke ta bel ɗin na iya tsayawa kai kana cikin tafiya, don haka hannunka ya kasance kusa da madafa, kuma ba a nan ake duba salula ba.

Bayan nan abu huɗu sun ishe ka wata guda. Zama da tashi bisa benci, ba tare da ƙarfe ba: ƙafafu faɗin kafaɗa, ɗuwawu ya fara komawa baya, duga-dugai a ƙasa, gwiwoyi na bin yatsun ƙafa. In gwiwoyin suna faɗawa ciki ko duga-dugai na ɗagawa, nan ciwon gwiwa ke farawa. Sai turawa: tafin hannu bisa bango ko gefen benci, jiki a miƙe, ka sauka ka tura. Sai ja, a injin da ake zama a jawo igiya zuwa ciki: ƙirji a buɗe, gwiwar hannu na wucewa baya, kada ka yi lilo da gadon bayanka, masu lilon nan su ke kwana da ciwon ƙugu. Na ƙarshe ɗauka: ƙarfen hannu mai kilo 6 ko 8 a kowane hannu, ka yi taku talatin kamar mai ɗauke da bokiti biyu. Ukun farko kowanne sau goma zuwa goma sha biyu, ka huta minti ɗaya da rabi, ka maimaita sau ɗaya. Duka ba zai wuce minti arba'in ba. In sha biyun ta zo maka da sauƙi a ranakun sal biyu a jere, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu. Doguwar sandar nan ta manya, ita kaɗai babu faifai kilo 20 ce. Ka bar ta tukuna.

Numfashi shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Ka fitar da iska lokacin da kake yunƙuri, ka shaƙa lokacin dawowa. Mai jin kunya yakan danne numfashi don kada a ji hakinsa, kuma danne numfashi bisa nauyi yana harba jini sama nan take, daga nan sai jiri. Ka yi hakinka. In ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko ciwo na bin hannun hagu, ka tsaya, a kai ka asibiti. Ranar da awo ya kai 18 da 11 babu sal, sai likita. Maganin da aka rubuta maka kuma ba a ajiye shi don an fara motsa jiki.

Kwana uku a mako, da kwana guda na hutu a tsakani, sauran ranakun tafiyar ƙafa ta minti talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ce, tare da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, ka ga wannan ya cika. Tsamin jiki zai zo, ya fi tsanani a rana ta biyu, ya wuce cikin kwana uku ko huɗu. Shi ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa dabam ne, ka bar wannan motsin. In kuwa fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, tsoka ce ta ji rauni har ta taɓa ƙoda, kada ka jira gari ya waye. Abin da ke kawo shi sau da yawa gasa ce: mutum ya ga yaro ɗan shekara ashirin ya ɗaga, shi ma ya ce sai ya ɗaga don kada a raina shi. Sikeli kuma kada ya karya maka gwiwa, yakan yi jinkiri. Ka auna ƙugunka da mita daidai cibiya sau ɗaya a wata. Abin nema shi ne kada ya kai rabin tsawonka.

Akwai abin da ba na so a wuraren nan, kuma zan faɗa. Yaran yanzu suna kafa salula suna ɗaukar kansu, wanda ke bayansu ya shiga hoto ba a tambaye shi ba. A fagen da na ba ka labari, duk dariyar da aka yi a nan ta kwana. Kana da iko ka ce wa yaro cikin mutunci ya juya wayarsa, in ya ƙi ka gaya wa mai wurin. Kai kuma ka goge benci in ka tashi, ka mai da ƙarfe inda ka ɗauko, wanda ya riga ka ka tambaye shi saura nawa. In wani ya matso da gari ko allurar da ke kumbura damtse, ka ce masa ka gode. Tsofaffin masu ɗaga ƙarfe kuwa, waɗanda ka fi tsoro, yawanci su ne za su gyara maka tsayuwa in ka gaishe su.

Ka tuna Hamadu Jibo Isaka, ɗan ƙasarmu Nijar da ya je tseren kwale-kwale a wasannin Olamfik na Landan a 2012? Wata uku kacal ya yi yana koyo, yana da shekara 35. Mita 2000 ake yi, sauran sun daɗe da isa shi yana can baya shi kaɗai, duniya na kallo. Bai ajiye filafili ba, kuma mutanen bakin ruwa da tafi da sowa suka rako shi har ƙarshe.

Batun surukinka kuwa, yana da nauyi, ba zan ce maka babu ba. A da suruki a inuwa yake zama yana kallon gumin mai neman ɗiyarsa. Ba mu taɓa ganin su biyun suna gumi ɗaki ɗaya ba, don haka iyayenmu ba su bar mana magana a kai ba. Na tabbata shi ma ya gan ka, kuma wataƙila nauyin da ya ji ya fi naka. Ka sa maiɗakinka ta bincika wajen mahaifiyarta ƙarfe nawa yake zuwa, in na safe ne kai ka ɗauki hantsi. In kuka yi kiciɓis ka rusuna ka gaishe shi kamar a zaurensa, ka nufi can ƙarshen ɗaki. Ko ya dace ka ci gaba da tsugunnonka yana nan, wannan zan kai wa yayanmu ranar Juma'a in ji bakinsa. Kafin nan ka koma gobe, ka biya ta farmasi a sake auna ka, ka aiko mini da lambar. Ka gaida maiɗakinka da yara.