Kare Ba Ya Cewa Ya Gaji

Ɗana, na ga saƙonka, kuma ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka amsa wa mutumin. Ka ce maigidan da kake horar wa kwikwiyo a unguwar Hanwa nan Zariya, Alseshan ɗan wata biyar, likita ya gaya masa jininsa ya hau, dole ya rage teɓa ya riƙa motsa jiki. Shi kuma da ya ga kwikwiyon ba ya zama wuri ɗaya, sai ya yanke shawarar kullum da safe su fita gudu tare, da yamma kuma ya sake shi a tsakar gida lokacin da yake tsallen igiya da ɗaga ƙarfe. Yana so ka tsara musu, kai kuma kana tambaya ko ka yarda.

Tafiya dai ka yarda, ko gobe su fara. Gudu kuwa ka ce ya dakata, kuma ka ba shi dalili, domin wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi kare ba zai karɓi "a'a" tsurarta daga bakin yaro ba.

Dalilin yana cikin ƙashi. Ka lura in an yanka ɗan ragon da bai gama girma ba, kana gaigayar ƙafa sai kan ƙashin ya ɓalle da kansa, ka ga wani farin guringuntsi mai laushi tsakaninsa da sandar ƙashin. Ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, kuma haka yake a jikin kwikwiyo. A manyan karnuka irin Alseshan da Rotwaila da Bowabul, wurin ba ya gama rufewa ya zama ƙashi sai tsakanin wata 12 zuwa 18. Naka yana wata biyar. Girman jikinsa ne ke ruɗin maigidan, amma gaɓoɓinsa ɗanyu ne shataf. Ga shi kuma Alseshan an san shi da matsalar kwatangwalo, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin gurbinsa. Asalin abin gado ne, ba gudu ke kawo shi ba, sai dai ƙiba da wahalar da ta wuce kima tun yana ƙarami suna tsananta shi. Na sha ganin kare ɗan shekara biyu, kyakkyawa, in zai tashi daga kwance sai ya yi ta fama, in zai yi gudu ya haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle da su tare. Ba horon da zai gyara wannan.

Zai ce maka ai kwikwiyon da kansa yake zagaye gida a guje, me ya bambanta? A tsakar gida shi ke da iko da ƙafarsa: ya zabura, ya tsaya, ya shinshina bango, ya kwanta ƙarƙashin mota, ya sake tashi. A kan hanya kuwa, igiya a wuya, maigida a gaba, ba shi da wannan zaɓin. Kuma abin da nake so ya zauna maka a rai ke nan fiye da komai a sana'ar nan: kare ba ya cewa ya gaji. Muddin ubangidansa na gaba zai bi, ko da ƙafa na ciwo, ko da numfashi na sarƙewa, har sai ya faɗi. Mutum in ƙirjinsa ya ɗauki zafi zai dafa gwiwa ya ce a tsaya. Kare sai dai a karanta a jikinsa. Saboda haka rabin aikinka a gidan nan ba kwikwiyon za ka horar ba, maigidan za ka koya wa kallon karensa.

Abin daɗin shi ne bukatarsu ta zo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da sauri tana cikin lissafi. Mai hawan jini da nauyin jiki da ya daɗe bai motsa ba, ba gudu ya kamata ya fara da shi ba, shi ma gwiwa gare shi. Ya tambayi likitansa zai ji. To su fita tare kamar minti ashirin, a takun kwikwiyon, a bar shi ya shinshina abin da yake so. Sai ya maido shi gida ya ba shi ruwa, shi kuma ya ƙarasa nasa shi kaɗai da irin saurin da yake so. Da yamma a ƙara wata gajeriyar. A waɗannan watannin ne za ka dasa abin da gudun zai tsaya a kansa nan gaba: ya yi tafiya a gefen hagu igiya a sake, ya tsaya in an ce tsaya, ya ga akuya ko kaza ya kau da kai, babur ya wuce bai zabura ba. Karen da ke jan igiya a tafiya, ranar da aka fara gudu zai kifar da mutum a kwalbati.

Yanzu maganar zafi, wadda ke kashe karnuka a hannun masu son su. Mu gumi muke yi jikinmu ya huce. Kare ba shi da wannan sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya ma ya ɗara namu, digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 an shiga haɗari. Ka san bazarar Zariya, Maris da Afrilu, yadda rana ke kusan kai digiri 40, ga Alseshan da gashi ninki biyu. A wannan lokacin fita sai bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, kafin ƙarfe takwas an dawo. Kada yamma ta ruɗe ka, kwalta tana riƙe zafin rana har magariba. Ka koya wa maigidan ya ɗora bayan hannunsa a kan kwaltar ya ƙirga bakwai a hankali. In bai iya jurewa ba, tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba, zai saluɓe. Damina ma ba a sake jiki, domin ranar da aka yi ruwa rana ta buɗe, iska ta yi nauyi, hakin ba ya sanyaya shi yadda ya kamata. Hunturu ne lokacinku mafi kyau, sai dai a riƙa duba tafin ƙafa saboda faso.

Ga abin da za ka nuna masa da idonsa. Kare mai lafiya a kan hanya yana gefenka ko ɗan gaba, kunne a tsaye, harshe a waje daidai misali. In ya fara ja da baya igiya ta miƙe ta bayanka, harshen ya zazzago ya yi faɗi a ƙarshe, yawu ya yi kauri yana dalala, yana karkata wajen kowace inuwa, to an riga an wuce wurin tsayawa. In ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi ja wur, ko ya fara tangaɗi ko amai, wannan ba gajiya ba ce, rai ake nema. A kai shi inuwa nan take, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da wuya da hammata da ƙafafu, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, zafin zai riƙe. In yana iya sha da kansa a ba shi kaɗan-kaɗan, ba ɗura ba. Sannan a nufi likitan dabbobi ko da ya ga kamar ya farfaɗo, don ɓarnar da zafi ke yi wa ƙoda ba ta nunawa a take. Gorar ruwa da ɗan kwano kuwa kada su fita babu su. Maigidan ya san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Wancan ma karen hanya ne, balle wanda ka ɗaure a gidanka yake maka gadi.

Abinci: kada a cika masa ciki a fita da shi. Karnuka masu zurfin ƙirji irin wannan tumbinsu kan cika da iska ya murɗe, kuma yana kashewa cikin sa'o'i. A bar kamar awa biyu bayan cin abinci, in an dawo kuma a bari hakin ya kwanta tukuna. Ranar da aka ga ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ba a jiran safiya.

Na tsakar gida kuma, ban yarda a sake shi yana yawo mutum na ɗaga ƙarfe ba. Kwikwiyo in ya ga mutum ya kwanta a ƙasa, a wurinsa an kira shi wasa ne, zai hau ƙirjinsa daidai lokacin da nauyi ke sama. Irin ƙarfen nan da ake zuba wa siminti a gwangwani in ya suɓuce a kan ƙafar kwikwiyo, karaya ce. Igiyar tsalle kuma tana iya tsole masa ido. Ka samo tabarma ko buhu ka shimfiɗa a gefe cikin inuwa, ka koya masa "wurinka". Ya kwanta can yana kallo, in maigida ya ajiye ƙarfe zai huta, sai ya kira shi su yi wasan minti ɗaya ko biyu, ya mirgina masa ƙwallo a ƙasa ko su ɗan yi ja-in-ja da tsumma, sannan ya koma wurinsa. Ja-in-jan a hankali, don yanzu yake famfara, kuma ka haɗa masa da "saki" tun yanzu. Ban da sa shi tsallake benci ko dirowa daga bayan mota, ban da guje-guje a kan tayil mai santsi. In akwai injin gudu a gidan, kada a taɓa ɗaure shi a jiki. Wani abu da mutane ba su sani ba, aikin hanci yana gajiyar da kare ƙwarai: ka ɓoye 'yan gutsattsarin abincinsa ƙarƙashin gwangwanaye ko cikin ciyawa ya nemo, za ka ga bayan kwatan awa ya nemi wuri ya yi barci. Yawancin karnukan da ake kawo mana wai sun cika haushi da yaga takalma, zaman keji ne ya ishe su. Masu kulle kare dare da rana don wai ya yi zafi, ba mai gadi suke samu ba, abin da zai ciji ɗan gida suke reno.

Sai mutane. Nan Zariya ce, lokacin da ya fi dacewa da kare shi ne lokacin da jama'a ke dawowa daga masallaci da tufafinsu masu tsarki, yara na tafiya makarantar allo. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki yawun kare najasa ba, amma da yawa ba sa so ya taɓa su, kuma haƙƙinsu ne, ba a titi za a tsaya fatawa ba. A gajarta igiya, a ba mutum hanya tun daga nesa. Yaro in ya ga kare zai ruga, kare kuma duk abin da ya ruga binsa yake, shi ya sa ba a kwance igiya a cikin unguwa ko da wasa. A kauce wa babban titin Kwangila zuwa Samaru da hayaniyarsa, a nemi hanyar burji ta bayan gari, ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gaɓoɓinsu su biyun. Kafin ma ya taka ƙofar gida ka ga katin allurarsa da idonka: na ƙuruciya sun cika, an kuma yi masa ta ciwon haukan kare, wadda ake fara yi a wata uku a riƙa sabuntawa duk shekara. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ba nisa. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Ka ce ya kawo maka misalin karnukan mafarauta da ke wuni a daji. Gaskiya ne, amma ya dubi ƙirarsu: siraran jiki, dogayen ƙafafu, gashi a kwance, kaka da kakanni a ranar nan suka tashi. Da a ce mai son abokin gudu ne ya nemi shawarata tun farko, karen gida zan nuna masa, ba na raina shi ko kaɗan. Alseshan asalinsa Jamus, karen kiwon tumaki ne, yana da juriyar sassarfa sosai in ya girma, amma ba a zafinmu aka ƙera shi ba. Kokeshan da ake yayi yanzu kuwa daga duwatsu masu sanyi ya fito, wannan ko ya girma ba na gudu ba ne.

In Allah Ya kai mu ya haura shekara ɗaya, likita ya duba kwatangwalonsa ya ce lafiya, sai a fara: tafiyar minti biyar, sassarfar minti ɗaya ko biyu, a koma tafiya. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako, ana tsallake rana don hutu. Duk dawowa a ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, a buɗa tsakanin yatsu a cire tsidau da ƙarangiya, a duba kunne da wuya saboda kaska. In ya wayi gari yana ɗingishi a dakata, kuma ka ja kunnen maigidan kada ya ɓallo maganin ciwon jikinsa ya ba shi. Ibuprofen yana cin tumbin kare ya lalata ƙoda, farasitamol ma ba a ba shi sai da faɗar likita.

Makon farko ka riƙa fita da su, kana bayansu da 'yan taku, don daga baya ake ganin tafiyar kare da yadda mutum ke riƙe igiya. Ka yi masa magana da ladabi, babba ne, amma kada kunya ta sa ka sassauta a kan maganar gudun. In ya matsa, ka ce ni na hana, ya kira ni. Ranar Asabar da sassafe ka kawo mini kwikwiyon in ga takunsa, ka taho da katin allurar.